Mako guda a Barbados: yadda za ka raba kwanakinka tsakanin bakin teku da gandayen rake

Idan kwana bakwai kaɗai gare ka kuma kana son ganin tsibiri ɗaya na yankin Karibiyan ciki da bai, Barbados nake ba da shawara. Ƙaramin wuri ne, faɗinsa murabba'in kilomita 430, tsawonsa kamar kilomita 34, mutanensa ba su kai 300,000 ba, kuma Turanci ake yi. Duk inda ka nufa daga masaukinka, da wuya tafiyar ta wuce awa ɗaya da rabi a mota. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne tarihinsa bai yi nisa da rairayinsa ba. Gaɓar da za ka yi wanka a cikinta da yamma ita ce wadda jiragen bayi suka riƙa tsayawa a kai, kuma raken da za ka wuce a hanyar zuwa can shi ne dalilin da ya sa aka kawo su. Saboda haka tsarin da ke ƙasa ya ba safiya ga tarihi, lokacin da rana ba ta yi zafi ba kuma hankali yana jiki, yamma kuma ga teku.

Takardu: tun kafin ka sayi tikiti

Barbados ba ta neman biza daga mai fasfon Najeriya ko na Ghana da ya zo yawon buɗe ido. Mai fasfon Nijar, Kamaru, Chadi ko Sudan ya tantance matsayinsa a shafin hukumar shige da fice ta ƙasar, ko ya tuntuɓi ofishin jakadancinta da ke Accra. Wannan sauƙin shi ke rudar mutane, domin matsalar tana kan hanya. Hanyar da aka fi bi ita ce ta Landan, inda British Airways da Virgin Atlantic ke tashi kai tsaye zuwa filin jirgin Grantley Adams cikin awa takwas da rabi zuwa tara. Ɗan Najeriya ko Ghana kuwa yana bukatar bizar wucewa ta Birtaniya ko da ba zai fita daga filin jirgin ba, sai dai in yana cikin waɗanda aka ɗauke wa saboda wata biza da yake riƙe da ita. Idan tikitinka ya ce ka sauka a Heathrow ka tashi daga Gatwick, to wata bizar ce daban, don sai ka shiga gari. Ta Amurka ko Kanada ma sai da bizarsu. Don haka ka fara da bizar wucewa, sannan tikiti, kuma ka sayi tikiti guda daga Abuja, Legas ko Accra har Barbados domin kayanka su wuce ba sai ka karɓe su a tsakiya ba.

Ka riƙe katin allurar shawara, wato katin nan mai ruwan ɗorawa, domin ana tambayar wanda ya fito daga ƙasashenmu. Akwai fom na shiga ƙasa da ake cikewa ta intanet 'yan kwanaki kafin tafiya. Ka buga tikitin dawowa da shaidar masauki a takarda, jami'in shige da fice zai iya neman su.

Abu ɗaya kada ya shiga jakarka: duk wani tufafi mai zanen kakin soja, ko hula ce, ko gajeren wandon yaro. Doka ta haramta wa farar hula sa shi a Barbados, kuma ana ƙwacewa.

Lokaci, kuɗi da masauki

Rani a can daga Disamba ne zuwa Mayu, kuma tsakiyar Disamba zuwa Afrilu shi ne lokacin da Turawa masu gudun sanyi ke cika tsibirin, farashin ɗaki ya haura. Daga Yuni zuwa Nuwamba damina ce kuma lokacin guguwar teku. Barbados tana can gabas da sauran jerin tsibiran, guguwa ta fi yawan kauce mata, amma Elsa ta taɓa ta a Yulin 2021, Beryl kuma ta farfasa jiragen masunta a Yulin 2024. A ganina Mayu ko ƙarshen Nuwamba sun fi dacewa da mai lissafin aljihu. Wanda ba ya son kiɗa da cunkoso ya guji ƙarshen Yuli zuwa Litinin ta farko a Agusta, lokacin bikin kammala girbin rake da suke kira Crop Over.

Dalar Barbados biyu ita ce dalar Amurka ɗaya, haka aka ɗaure ta tun 1975, lissafin ba wuya. Kusan ko'ina ana karɓar dalar Amurka ta takarda, a ba ka canji da tasu. Ka tambaya kullum da wace dala aka faɗi farashi, musamman wajen direban tasi, kuma ku daidaita kafin ka shiga don tasi ɗinsu ba su da mita. Kada ka dogara da katin naira. Tsibirin yana da tsada, kusan komai daga waje ake shigo da shi.

Masauki kuwa, ka sauka a gaɓar kudu, tsakanin Hastings, Rockley, Worthing da Oistins. Nan ne ake samun gidajen haya masu ɗakin girki, motocin haya suna wucewa har dare, Bridgetown, babban birnin ƙasar, da filin jirgi duk suna kusa. Gaɓar yamma ta attajirai ce, za ka je ka yi wanka a gabansu ba tare da ka biya kuɗin ɗakinsu ba, domin babu rairayin bakin teku na wani a Barbados, duka na jama'a ne. Ka guji kwana a tsakiyar St Lawrence Gap in kana da iyali, layin mashaya ne. Wutar lantarkinsu volt 115 ce, soket ɗin irin na Amurka, sai ka taho da adafta. Ruwan famfo ana sha. Agogonsu yana bayan na Najeriya da Nijar da awa biyar, alƙibla kuma gabas ce ta ɗan karkata arewa.

Zirga-zirga iri uku ce: manyan bas masu shuɗin fenti na gwamnati, ƙananan bas rawaya, da fararen motoci masu lamba ZR da ke gudu da kiɗa a kunne. Kuɗin ɗaya ne duk nisan tafiya, dala 3.50 ta Barbados a 'yan shekarun nan, bas ɗin gwamnati kuma ba ya ba da canji. Kwana biyu kaɗai kake bukatar mota taka, ranar gabas da ranar arewa. A hannun hagu ake tuƙi, hanyoyin karkara ƙanana ne masu kwana-kwana a cikin rake, don haka ɗaukar direba na yini ya fi kwanciyar hankali. In ka shiga shago ko mota, ka yi gaisuwa kafin ka buɗe baki da bukata. Mutanen wurin suna lura da wannan ƙwarai.

Alhamis: sauka

Ka shirya ka sauka ranar Alhamis domin Juma'a ta same ka a gari. Jiragen Landan da rana suke isowa. Ka ajiye kaya, ka sayi layin waya da kayan shayi, ka taka zuwa rairayin Rockley, wanda ake kuma kira Accra, ka bi dakalin katako da aka shimfiɗa a bakin ruwa zuwa Hastings. Rana tana faɗuwa da wuri, tsakanin biyar da rabi zuwa shida da rabi duk shekara.

Juma'a: Bridgetown a ƙafa, masallaci, sannan kifi

Ka fara da ƙarfe takwas daga dandalin jarumai na ƙasa, gaban majalisar dokoki. Ginin farin dutsen murjani ne na shekarun 1870, amma majalisar kanta tun 1639 take zama, tana cikin mafiya daɗewa a ƙasashen renon Ingila. Kada daɗewar ta burge ka da yawa: majalisar masu gandaye ce, ita ce ta zartar da dokar bayi ta 1661 wadda ta ɗauki baƙar fata a matsayin dukiya, ta ba ubangida damar horo yadda ya ga dama. Jamaika ta kwafi wannan doka, daga baya Karolina ta Kudu a Amurka ma ta kwafa. A wannan dandali mutum-mutumin Nelson, sarkin yaƙin ruwa na Birtaniya, ya tsaya tun 1813, sai a Nuwamban 2020 aka sauke shi. Shekara guda bayan haka, ranar 30 ga Nuwamba 2021, Barbados ta cire Sarauniyar Ingila daga shugabancinta, Sandra Mason ta zama shugabar ƙasa ta farko, ƙarƙashin gwamnatin firaminista Mia Mottley. 'Yancin kai kuwa tun 30 ga Nuwamba 1966 aka samu, a hannun Errol Barrow, firaministan ƙasar na farko.

Daga nan ka haye gadar Chamberlain ka dubi mashigin ruwan da ake kira Careenage. Yau jiragen shaƙatawa ne a ɗaure a ciki, da can nan ake lodin gangunan sukari ana sauke mutane. Turawan Ingila sun fara zama a tsibirin a 1627, suka gwada taba da auduga ba su yi riba ba. A shekarun 1640 suka koyi sarrafa rake daga Brazil, kuma cikin ƙasa da shekara talatin dazuzzuka suka ƙare, ƙananan manoma suka sayar da filayensu, 'yan Afirka da aka sayo daga gaɓar Ghana ta yau, Benin da kudancin Najeriya suka fi Turawa yawa. Iskar yankin daga gabas take busowa, jiragen ruwa masu filafilai na abokan gaba sai sun yi ta fama da ita kafin su iso, shi ya sa Barbados ba ta taɓa sauya hannu ba daga 1627 har 1966, alhali maƙwabtanta sun yi ta yawo tsakanin Faransa da Ingila. Wannan ne ya sa tsohon garin Bridgetown da barikinsa na soja suka tsira har UNESCO ta sa su cikin wuraren tarihi na duniya a 2011.

Ka shiga majami'ar Yahudawa ta Nidhe Israel, wadda aka kafa a 1654. Waɗanda suka gina ta daga Recife ta Brazil suka gudo, kuma ƙaramin gidan tarihin da ke harabar yana bayanin yadda ilimin dafa sukari ya ƙetaro tare da su. Sannan ka ƙarasa lambun Queen's Park. Akwai wata bishiyar kuka a can, gangariya, mai kaurin da sai mutum fiye da goma sun haɗa hannu kafin su zagaye ta. Bahaushe ba ya bukatar allon bayani kafin ya gane ta.

Zuwa sha biyu ka nufi masallacin Juma'a da ke titin Kensington New Road, ko masallacin Madina a Sobers Lane. Musulmin Barbados 'yan tsiraru ne, yawancinsu jikokin 'yan kasuwar Gujarat ta Indiya. Ka tambayi lokacin huɗuba tun da safe, kuma bayan salla ka tambayi inda ake sayar da naman halal, za a nuna maka. A tuna, a mazhabar Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu ko fiye cika salla yake yi.

Da magariba sai Oistins. Garin masunta ne, kuma daren Juma'a ake gasa kifi a fili. Rumfuna ne a jere, kowace da murhun gawayi ko na gas a gaba, mai gashi yana juya manyan yankan kifi yana shafa musu wani kore-koren haɗi na albasa, tafarnuwa, barkono da ganyen ƙamshi, hayaƙi yana bin kan layin mutane. Za a cika maka faranti da kifi, taliyar da aka gasa da cuku, da soyayyar ayaba ko dankali, ka zauna a dogon benci kafaɗa da kafaɗa da wanda ba ka sani ba. Idan ka ji an ce maka "dolfin" kada ka firgita, wani kifi ne mai ƙaya, ba dabbar tekun nan mai shayarwa ba. Ka je da ƙarfe shida da rabi ka ci ka tashi kafin tara, don daga nan wurin na masu giya da rawa ne.

Batun ci a taƙaice: kifi shi ne mafitarka duk mako. Abincin ƙasa, cou-cou, kusan tuwon masara ne da aka tuƙa da kuɓewa a ciki, ana ci da romon kifi mai tashi. Abin shan da suke kira sorrel zoɓo ne, sai dai wasu na zuba masa barasa. Ranar Asabar suna cin wani abinci mai suna pudding and souse, naman alade ne. Shinkafa da wake ma wani lokaci ana jefa mata wutsiyar alade mai gishiri, baƙin kek ɗinsu kuma da barasar rake ake jiƙa shi. Tambaya ba ta ɓata wa kowa rai.

Asabar: dawaki, kunkuru da bariki

Ka tashi bayan asuba ka je rairayin Pebbles da ke ƙarshen gaɓar Carlisle. Wajen shida zuwa bakwai masu kula da dawakin sukuwa ke jawo su daga barga su shigar da su teku. Za ka ga ingarma yana tirjiya a bakin kumfa, mai shi yana lallashi, can sai ya saki jiki, ruwa ya kai masa wuya, kai kaɗai ake gani yana huci yana iyo, mutumin yana riƙe da linzami a gefe. Ba a biyan ko sisi, amma in ka ɗauki hoto da dokin, ka ba mai shi ɗan wani abu.

Gaɓar Carlisle ita ce mafi sauƙi ga wanda bai ƙware a iyo ba: ruwa kwance, fari tas, rairayi mai laushi. Akwai jiragen da suka nutse a ƙarƙashinta, ba nisa da gaɓa, sun zama gidan kifi, kunkurun teku kuma suna kiwo a kusa. Ƙananan jirage suna ɗaukar mutane na awa ɗaya ko biyu da madubin ido da bututun numfashi. Ka nemi rigar da ke hana nutsewa ka sa, ba abin kunya ba ne, ko ka zaɓi jirgi mai gilashi a ƙasa ka yi kallo daga zaune. Kada ka taɓa kunkuru, doka tana kare su. Mata masu kayan wanka na rufe jiki babu mai tanka musu. Abin da ba a so shi ne shiga gari ko shago da kayan wanka.

Da hantsi ka hau zuwa bariki, tafiyar minti goma. Filin sukuwa na yau shi ne filin faretin sojan Birtaniya, kuma nan aka sauke tutarsu a 1966. Gidan tarihin Barbados yana cikin tsohon kurkukun soja, ka ba shi awa biyu cur, domin abin da za ka gani ranar Litinin zai fi shiga in ka fara da nan. Gidan da George Washington, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na farko, ya zauna a 1751 yana kusa. Yana ɗan shekara 19 ya rako yayansa Lawrence mai ciwon tarin fuka, ya kamu da agana, ya warke, kuma wannan ce kaɗai tafiyar da ya taɓa yi wajen babban yankin Amurka. Daga harabar gidan ake shiga ramukan ƙarƙashin ƙasa na barikin, matsattsu ne, mai jin tsoron ƙunci ya haƙura. Ka duba ranakun buɗewa tun da wuri, wasu wuraren rabin yini suke yi ranar Asabar.

Lahadi: gaɓar yamma

Gari a rufe yake, ranar hutu ce. Ka hau bas zuwa Holetown, inda Turawan Ingila na farko da suka zo zama suka sauka a Fabrairun 1627. Ginshiƙin tunawa da ke bakin titi an rubuta masa 1605 a kan kuskure, jirgin Ingila na farko a 1625 ya zo. Cocin St James na nan kusa, yana kan ɗaya daga cikin wuraren ibadar Kirista mafiya daɗewa a tsibirin, mai zuwa coci zai iya yin sujadarsa a can. Sauran yinin na ruwa ne: Folkestone don kallon kifi, Paynes Bay ko Mullins don kwanciya. Ka lura da wata bishiya mai 'ya'ya kamar ƙananan tuffa kore, yawanci an shafa wa kututturenta jan fenti. Sunanta manchineel, guba ce. Kada ka ci, kada ka taɓa ganyen, kada ka fake a ƙarƙashinta in ana ruwa, don ɗigon yana ƙona fata.

Litinin: ranar da ta fi nauyi

Yau ka ɗauki direba, kuma tsarin wuraren yana da dalili. Manyan gidajen gandaye suna ba da labarin ubangida: teburinsa, farantansa, hoton matarsa. Kafin ka shiga ko ɗaya, ka fara da maƙabartar bayi ta Newton a gundumar Christ Church. Fili ne na ciyawa mai ƙananan tuddai, rake a kewaye. An ƙiyasta mutum kusan 570 ke kwance a ciki, kuma sun tsira daga garma ne don ƙasar wurin duwatsu ce, ba ta nomuwa. Masana Jerome Handler da Frederick Lange sun yi tono a nan a farkon shekarun 1970. A wani kabari sun sami dattijo da sarƙar wuya ta wuri, haƙoran kare, ƙashin kifi da jan dutsen ado, da mundaye a hannu, da lofen yumɓu irin na gaɓar Ghana. Ana kyautata zaton mai magani ne. Wato waɗanda suka binne shi sun yi masa sutura irin ta gida, a bayan gonar da ta cinye ƙarfinsa. Gwamnati ta sanar a 2021 cewa za a gina wurin tunawa a nan bisa zanen David Adjaye, masanin zanen gine-gine, don haka ka tambayi gidan tarihi, wanda shi ke kula da filin, yadda ake shiga.

Daga nan zuwa shataletalen Haggatt Hall, inda mutum-mutumin 'yanci yake, aikin Karl Broodhagen na 1985: ƙato ya ɗaga hannuwa, sarƙa a tsinke. Mutane suna kiransa Bussa. Ranar 14 ga Afrilu 1816, daren Lahadin Ista, bayi suka cinna wa rake wuta a gundumar St Philip, tawayen ya bazu zuwa gandaye da dama. Bussa, wanda babba ne a cikin bayin gandun Bayley, yana cikin jagorori, tare da wata mai aikin gida da ta iya karatu, Nanny Grigg. Cikin 'yan kwanaki soja suka murƙushe su, aka kashe ɗaruruwa a fagen fama da kuma ta hanyar hukuncin kisa. Abin da masu gandaye suka koya shi ne su gina hasumiyoyin tsaro a kan tuddai masu aika saƙo da tuta. Gun Hill a St George, ta 1818, ita ce za ka hau. Tsaya a sama ka ga yadda ido ke kaiwa har teku ta kudu, za ka gane cewa ba jiragen Faransa kaɗai ake gadi ba. An soke bauta a 1834, aka tilasta wa 'yantattu ƙarin shekara huɗu na aikin dole har 1838. Birtaniya ta ware fam miliyan 20 na diyya a duk daularta, ga iyayengiji. Bayi fiye da 80,000 na Barbados ba su sami komai ba.

A hanya ka sa ido kan ƙananan gidajen katako da aka ɗora a kan duwatsu ba tare da tushe ba. Bayan 'yanci, ƙasa duka ta masu gandu ce, ma'aikaci haya yake zaune, in an kore shi sai ya kwance gidansa ya ɗora a amalanke. Direba zai kuma nuna maka wajen Drax Hall, gandun da James Drax ya kafa a farkon zamanin rake. Har yau yana hannun zuriyarsa, cikinsu da tsohon ɗan majalisar Birtaniya Richard Drax, ba a shiga, kuma sunan yana fitowa duk lokacin da aka tayar da maganar biyan diyyar bauta.

Kwalejin Codrington a St John ita ce ta gaba, da layin dogayen itatuwan dabino na ado da tafki a gaba. Christopher Codrington ya mutu a 1710 ya bar gandayensa da bayinsu ga wata ƙungiyar mishan ta Cocin Ingila, kuma an taɓa yi wa bayin lalas a ƙirji da sunan ƙungiyar. Cocin ta nemi gafara a 2006.

Ka ƙare yinin a Bathsheba. Nan Tekun Atlantika ne tsagwaronsa, babu abin da ya tare shi tun daga gaɓar Afirka ta Yamma. Manyan duwatsu ne a tsaye cikin ruwa, igiya ta cinye gindinsu. Kallo ake yi a nan, ba wanka ba, ruwan yana da ja mai ƙarfi kuma ya sha cin ƙwararru. In ruwa ya janye akwai ƙananan kwarmin dutse da ake zama a ciki a jiƙa jiki. Daga bazara zuwa kaka wata ciyawar teku mai ruwan ƙasa takan taru a gaɓar gabas da kudu tana wari, in ka tarar da ita sai ka koma yamma.

Talata: arewa

Yanzu ka cancanci shiga St Nicholas Abbey a St Peter. Duk da sunan, gidan mai gandu ne na 1658, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan irinsa da suka rage a wannan ɓangaren duniya, har da murhun ɗumama ɗaki a ƙasar da ba ta san sanyi ba, don zanen Ingila aka kwafo. Ana nuna jerin sunayen bayin gidan da farashin da aka yi wa kowane, ka neme shi. Wurin yana sarrafa barasar rake kuma ana miƙa wa baƙi ɗanɗano, sai ka ce a'a ka wuce. Ƙaramin jirgin ƙasa yana kai mutane Cherry Tree Hill ta cikin itatuwan mahogani, daga can ana hango tuddan gabas da farin kumfar teku. A gangare injin matse rake mai aiki da iska na Morgan Lewis yake, da filafilansa. A da irinsa ɗaruruwa ne a tsibirin, kuma bawan da ke tura rake tsakanin naɗaɗɗun ƙarafan yakan rasa hannu.

In lokaci ya rage, kogon Animal Flower a ƙarshen arewa yana da tagogi na dutse masu kallon teku, amma ana rufe shi in ruwa ya yi fushi. Ka dawo ta Speightstown, tsohuwar tashar da ke ciniki da Bristol, ka leƙa gidan tarihin Arlington House. A wannan yankin ne wasan warri ya fi daɗewa, wasan ramuka goma sha biyu da 'yan Ghana ke kira oware, Yarabawa kuma ayo. Tumakin da za ka gani a gefen hanya masu gashi maimakon ulu, da baƙin ciki, da koren biran da ke tsallake titi, dukansu asalinsu Afirka ta Yamma ne.

Laraba: wanka na ƙarshe da haɗa kaya

Jiragen Landan da yamma suke tashi, kana da safiya. Mai yara ya je kogon Harrison a St Thomas, inda ake zagayawa cikin ƙaramar motar lantarki, amma sai an yi rajista tun da wuri. In teku kake so, rairayin Crane a St Philip yana kusa da filin jirgi, igiyarsa da ɗan ƙarfi, Bottom Bay kuma na hoto ne kawai. Wanda ya fi son ruwa mai sanyin hali ya je Enterprise, wanda ake kira Miami, kusa da Oistins. Duk inda ka ga jar tuta, kada ka shiga.

Tsaraba mai ma'ana ita ce sukarin rake mai launin ƙasa, yajin barkono mai ruwan ɗorawa na kwalba, da tukwanen Chalky Mount. Kwalabe su shiga babbar jaka, in ba haka ba za a karɓe su wajen bincike. Ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi, kuma ka sake duba ranar ƙarewar bizar wucewarka, domin a dawowa ma sai an tambaye ta tun a teburin kamfanin jirgi kafin a ba ka takardar shiga jirgi.